Babi na Shida: Kifin Sinafa Mai Zane Huɗu

Darasi na 1: Kamanninsa

Ɗalibai, ku buɗe hoton kifin, ku ajiye alƙalami tukuna, domin kallo za mu fara yi kafin rubutu. Wannan kifi na teku ne, daga dangin da ake kira sinafa, masana kuma suna kiransa Lutjanus kasmira. Bayansa da gefensa rawaya ne mai haske, cikinsa fari ne, wutsiyarsa da fukafukansa su ma rawaya ne. Yawancin waɗanda ake gani ba su wuce sentimita 25 ba, amma babbansa yakan kai sentimita 40.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zanen da ke jikinsa. Zane shuɗi ne, yana kwance daga wajen kai zuwa wajen wutsiya, kuma guda huɗu ne a kowane gefe. Ku ɗora yatsa a kan zanen da ya fi kusa da baya, ku ce ɗaya. Ku sauko da yatsa a hankali, ku ce biyu, sannan uku, sannan huɗu. Da kun kai huɗu, ku ɗage yatsa. Idan kun samu haka, madalla, kun yi daidai. Idan ba ku samu ba, babu komai, ku koma sama ku sake.

A nan ne na ga ɗalibai da yawa suna tuntuɓe, saboda a ƙasan zane na huɗu, inda farin ciki ya fara, akwai wasu sirara-siraran layuka masu dishi-dishi, sai mutum ya haɗa da su ya ce biyar ko shida. Waɗannan ba sa cikin lissafi. Shuɗin zane mai fitowa sarai kaɗai ake ƙirgawa, kuma daga sama ake farawa. Ku sake ɗora yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ku tsaya.

Dalilin wannan nanatawa shi ne akwai ɗan'uwansa, Lutjanus quinquelineatus, wanda shi ma rawaya ne mai shuɗin zane, a ruwa ɗaya ake samunsu a wurare da yawa, amma nasa zanen biyar ne. Wanda ya yi kuskuren zane ɗaya tak ya kira wani kifi da sunan wani. Saboda haka ku ƙirga sau na uku, wannan karon da babbar murya, sannan ku rubuta 4 a littafinku. Kada wanda ya kwafi amsar maƙwabcinsa. Na sha ganin manya masu hankali suna duban hoton sau ɗaya su ce sun gane, alhali yatsansu bai taɓa takardar ba, kuma wannan gaggawa ba ta dace da wanda ya zo neman ilimi da ƙafarsa ba. Ku ƙirga.

Darasi na 2: Mazauninsa

Ana samun wannan kifi a ruwan teku mai ɗumi, daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka, ya ratsa Tekun Indiya har zuwa tsibiran tsakiyar Tekun Fasifik. Ba ya zama a kogi ko tafki. Wurin da ya fi so shi ne duwatsun murjani, wato tuddan da wasu ƙananan halittu suke ginawa a ƙarƙashin ruwa, masu ramuka da koguna inda kifi yake samun maɓoya. Yakan taru kuma a jikin jiragen ruwan da suka nutse. Ƙananansa sun fi zama a inda ciyawar teku ta yi yawa, kusa da murjanin, har su yi ƙwari.

Kafin ku wuce, ku koma hoton ku tabbatar zanen nan huɗu ne, daga sama zuwa ƙasa.

Darasi na 3: Ɗabi'unsa

Da rana yakan taru garke guda, wani lokaci ɗaruruwa, su tsaya kusa da murjani ba tare da yawan motsi ba. Idan dare ya yi sai su watse neman abinci a kan yashin ƙasan teku. Suna cin jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifaye.

Darasi na 4: Hawayi

A 1958 an ɗauko wannan kifi daga tsibiran Markesas da ke Tekun Fasifik aka sake shi a ruwan Hawayi, wasu tsibirai na Amurka a wannan tekun, domin a ƙara yawan kifin kamawa, ya kuwa yaɗu a tsibiran Hawayi sosai. Ku rubuta shekarar da sunayen wuraren biyu a littafinku.