Zuzutawa da wuce gona da iri a Turanci: inda aka fi yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni a ƙaramar kalmar "too" yake. A Facebook za ka ga an ɗora hoton amarya, ƙawarta ta rubuta a ƙasa: "She is too beautiful." Yabo take nufi, wato amarya ta haɗu. Amma a daidaitaccen Turanci "too" na nuna abu ya wuce misali har ya zama matsala. Shayin da ya zama "too hot" ba ya shawuwa sai an fifita, takalmin da ya zama "too big" ba ya zama a ƙafa. Baturen da ya ji "too beautiful" zai tsaya jiran ƙarashen zance: ta cika kyau har me ya gagara? "Very beautiful" ko "really beautiful" ake so a nan. Gwajin ba shi da wuya. Idan "sosai" ko "ƙwarai" za ka ce da Hausa, "very" ne. Idan kuwa "ya yi yawa" za ka ce, to "too" ne.

Turancin buroka na taimakawa wajen wannan ruɗani, domin a Legas ko Sabon Garin Kano "you too much" babban kirari ne. A can babu laifi. A takardar WAEC ko wasiƙar neman aiki ne yake zama laifi. Akwai 'yan maganganun ladabi irin "you are too kind" da Turawa kansu ke faɗa, amma haddace su ake yi, ba a gina doka a kansu.

Sai "exaggerate", wadda da yawa ke kasa rubutawa daidai: g biyu ne, r ɗaya. Aikinta a zance yake, shi ne ƙara gishiri. Wanda ya ga mutum hamsin a taro ya dawo ya ce dubu ne, "he exaggerated the number", kuma ba a cusa mata "on" a tsakani. Matsalar ita ce mutane sun mayar da ita jakar kowane kaya. Gishirin labari ne babban aikinta. Idan gishirin gaske ne ya yi yawa a miya, "she exaggerated the salt" ba Turanci ba ne, "she overdid the salt" ake cewa. Haka kwalliya, haka turare, haka motsa jiki: duk aikin da aka zaƙe a cikinsa na "overdo" ne. Shuɗaɗɗen lokacinta "overdid" da "overdone", kamar yadda "do" ke komawa "did" da "done", babu wani "overdoed". Kuma ba ta tsayawa ita kaɗai. Likita zai ce wa wanda ya tashi daga jinya "don't overdo it", da wannan "it" ɗin a ƙarshe. Kada a haɗa ta da "overdue", wadda ke nufin wa'adi ya wuce, kamar kuɗin haya.

Sauran dangin kowacce da gonarta. Yaro ya fasa kofi, uba ya ɗaga gida da faɗa: "he overreacted", ya ɗauki abin da zafi fiye da kima. Manomi ya sa ran buhu 50 na masara ya tashi da 30: "he overestimated", ƙiyasinsa ne ya yi sama. Ɗan ƙwallon da ake ta kambamawa alhali bai kai ba, "overrated" ne. "Inflate" kuma ta farashi ce da kuɗin kwangila, "pad" ta cushe ce a lissafi, kuma duk wanda ya bi rikicin aringizon kasafin kuɗi a Majalisar Wakilan Najeriya a 2016 ya sha jin "budget padding".

"Overstate" ma'anarta kusan ɗaya da "exaggerate", sai dai ita ta rahoto ce da jarida. A nan har masu digiri suna faɗawa rami. Idan ana so a ce muhimmancin abu ya wuce a faɗa, "its importance cannot be overstated" ne daidai, wato duk yadda ka zuzuta shi ba ka wuce gona da iri ba. Wanda ya rubuta "cannot be understated" ya juya maganar, ya ce abin ba shi da wata daraja. Ita kuwa "cannot be overemphasized" daidai ce, amma ɗalibanmu sun ci mata tuwo a ka, kusan kowane insha'i da ita ake buɗewa. A bar ta ta huta.

Kada kuma a ɗauka duk inda aka ga "over" yawa ake nufi. "Overlook" ba yawan kallo ba ne, tsallake abu ne ba a lura ba, ko kau da kai. "Oversee" sa ido ne a kan aiki. Ma'aikacin da ya rubuta "I overlooked the project" a takardar neman ƙarin girma ya kai ƙarar kansa da kansa. "Oversabi" kuma, wato mai iyayi, tamu ce ta gida, Bature bai san ta ba.

Masu jarrabawar adabi su kula da "hyperbole". Gaɓa huɗu ce, hai-pa-bo-li, ba hai-pa-bol ba. Zuzutawa ce da gangan wadda mai faɗa da mai ji duka suka san ba zahiri ba ce, irin ta maroƙa da 'yan kirari, ko idan ka ce wa aboki "na shekara ina jiranka". Saboda haka ba a sa mata "literally", domin wannan kalma cewa take yi abin ya faru a zahiri. Matasan Amurka da Ingila na yawan cewa "I literally died laughing" a hira, har ƙamusoshi sun shigar da wannan amfanin, amma mai duba takardar jarrabawa jan biro zai sa mata.