Yadda za ka ajiye abin da manhaja ta zubo a allo cikin fayil ɗin rubutu

Kawuna yana da shagon shinkafa da man girki a Aboabo, nan Kumasi, ni nake riƙe masa lissafi. Na haɗa wata 'yar manhaja da Python, da ka kunna ta sai ta jero sunayen waɗanda suka ɗauki kaya bashi da kuɗin da ake bin kowa. Wata shida cur, duk daren Alhamis sai in ɗauki hoton allon kwamfuta da waya in tura masa ta WhatsApp. Hasken fitila ya cinye tsakiyar hoton, rabin sunayen sun haye sama. Ran nan ya kira ni: "Kai yaro, wannan takwas ce ko uku? Idona ba na jiya ba ne." Ashe maganin alama ɗaya ce tak.

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙar taga za ta buɗe. Shiga inda manhajar take da umarnin cd (ka rubuta cd sai adireshin foldar), sannan ka rubuta:

python bashi.py > bashi.txt

Allon zai yi shiru, kada gabanka ya faɗi. Alamar > ce ta karkatar da rubutun zuwa fayil, kamar ka tara bokiti a bakin famfo maimakon ruwa ya zuba ƙasa. Buɗe bashi.txt da Notepad, za ka tarar da komai. Ba Python kaɗai ba, kowane umarni mai zubo rubutu haka yake: dir > jeri.txt zai ajiye maka sunayen fayilolin da ke wurin. A Linux da Mac ma alamar ɗaya ce, daga can ma ta samo asali, tun zamanin farko na Unix, tsarin kwamfuta da su Ken Thompson suka gina a Bell Labs ta Amurka.

Sai dai alamar nan ba ta sallama. In akwai fayil mai wannan suna, share shi take yi tas kafin ma manhajar ta fara aiki, ba tambaya, ba ya zuwa kwandon shara. Ni ganau ne. Wani dare ina sauri a kulle shago, na danna Tab don kwamfuta ta ƙarasa min suna, sai ta cika bashi.py a inda ya kamata bashi.txt ya zauna. Na danna Enter. Manhajar da na kwana uku ina rubutawa ta koma fanko. Allah ya taimake ni akwai tsohon kwafi a filas. Tun daga ranar nake karanta abin da ke bayan alamar sau biyu. In so kake sabon rubutu ya ɗoru a ƙasan tsohon, ninka ta: >> ba ta share komai.

Wani abin da ke ruɗa mutane: ka karkatar da komai, amma saƙon kuskure ya fito a allo, fayil kuma babu shi. Manhaja ƙofa biyu gare ta, ta 1 ta sakamako, ta 2 ta kurakurai, > kuwa ta farko kawai take tarewa. Don haɗa su, ƙara 2>&1 a can ƙarshe, bayan sunan fayil. Yana da amfani ƙwarai in za ka tura wa wani ya duba maka matsala.

Yanzu ga inda mu Hausawan Gana muke shan wuya biyu. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma alamar sidi, ₵. A allo Python yana nuna su lafiya lau. Da ka karkatar zuwa fayil a Windows, sai ya koma wani tsohon tsarin haruffa mai lamba 1252, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai. Akwai alamar fam da ta yuro a ciki, babu sidi, babu ƙ. Manhajar sai ta tsaya cak a layin farko da ta ci karo da ɗayansu, ta jefo UnicodeEncodeError. Tawa ko layi ɗaya ba ta wuce ba, don kan jerin da GH₵ ya fara. Na fara cire ƙugiyoyin, na ga ba mafita ba ce: wanda ya rubuta "ƙari" a gaban kuɗi ba "kari" yake nufi ba. Gyaran da ya zauna shi ne:

python -X utf8 bashi.py > bashi.txt 2>&1

X ɗin babba ne, kuma yana aiki daga Python 3.7 zuwa sama. UTF-8, tsarin haruffan da umarnin nan ke kunnawa, yana ɗauke da ƙugiyoyinmu da sidi har da ajami, Notepad ma tun 2019 shi ne tsarinsa na asali.

Ka lura da tagar da kake ciki. In ka ga PS a farkon layi, PowerShell ce, wata tagar umarni ta daban, ba cmd ba. Tsohuwarta, 5.1, wadda take zuwa da Windows, da wani tsarin haruffa mai suna UTF-16 take rubuta fayil: girmansa ya kusa ninkawa, wasu manhajojin kuma su kasa karanta shi daidai. Ni ba na jayayya da ita, cmd kawai nake rubutawa a ciki in ci gaba. Masu Linux da Mac da ke son gani a allo kuma a ajiye lokaci guda, sai su sa | tee bashi.txt a maimakon alamar.

Sunan fayil kuwa, sa masa kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, su jeru da kansu kuma na wannan mako ba zai danne na makon jiya ba.

Wajen turawa a WhatsApp, zaɓi aika takarda, ba hoto ba. Daren da na fara tura wa Kawu haka, bai fi minti biyar ba ya kira. Ya ce rubutu ya fito raɗau, kuma ashe takwas ce, in shirya da safe mu leƙa Kejetia wurin mai bashin.