Yadda za ka yi aiki da giranda (injin yanka da goge ƙarfe) ba ka rasa ido ba

Kafin ka jona ta da wuta duba faifan tukuna, in ya tsage ko kaɗan ne canza shi, don faifan yana iya juyi sama da sau 10,000 a minti ɗaya kuma in ya fashe gutsattsarin ba sa tambayar inda za su dosa. Kar ka cire murfin kariyar nan wai don yana tare maka aiki, wallahi ganganci ne. Sa tabarau na kariya, ba na gayu ba, ka ɗora garkuwar fuska a kai, ka toshe kunne saboda ƙarar tana kashe ji a hankali. Riga mai faɗin hannu kuwa ajiye ta, injin na iya fizgarta. Riƙe da hannu biyu, tartsatsin ya fuskanci inda babu fetur ko mutane.