Yadda za ka riƙe proje daga gida a Damagaram aiki bai watse maka ba

Shekara uku ke nan ina shugabantar proje na wata ONG (ƙungiya mai zaman kanta) daga ɗakina a unguwar Birni, manyana suna Yamai, masu ba da kuɗi suna Turai, ma'aikatan fili kuma suna Mirriya da Magariya da Tanut. Ƴan'uwa da yawa suna tambayata wai yaya ake yi, to ga abin da na gani da idona.

Fara da maganar wuta da rezo tun kafin ka sa hannu a kwantiragi. Ka nemi panno da batiri ko ƙarami ne, wanda zai riƙe ordinata da waya da fanka, don a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ordinatar ma kanta in ta ɗau zafi mutuwa take. Ni sai da wuta ta ɗauke ina tsakiyar gabatar da rapor gaban masu ba da kuɗi, batirina ya mutu, minti ashirin ina zufa ina neman caji gidan maƙwabci, sannan na yi hankali. Layi kuma ka riƙe biyu na kamfani daban-daban, misali Airtel da Zamani ko Moov, in ɗaya ya yi nauyi ka juya ɗayan. In rezo ya yi rauni a Zoom ko Teams kashe kamara kawai, murya ta isa.

Lokaci ma ka kiyaye. Dakar muna gabansu da awa 1, Nairobi suna gabanmu da awa 2, Faransa kuwa lokacin sanyi agogonmu ɗaya amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun fi mu da awa 1. Ka rufe lokacin sallar Juma'a a kalandarka tun ranar farko, in ka faɗa musu ba wanda zai sa maka taro a wurin.

Amma asalin aikin, wallahi, bibiya ne da rubutu. Mu nan mun saba da vokal a WhatsApp, mutum ya turo maka minti bakwai, rabi gaisuwa, maganar kuɗin siminti tana can tsakiya, bayan wata biyu ka neme ta ka rasa. Saboda haka duk abin da aka yanke a taro ko a waya, kafin ka tashi daga kujera ka rubuta layi uku: wa zai yi, me zai yi, wace rana, ka tura a gurup kowa ya ce ya gani. Ka buɗe tablo guda na Excel a Google Drive, ayyuka da budje duka a ciki, kar ya zama kowa da nasa kwafi. Ƴan fili ka koya musu KoboToolbox, wata manhajar tattara bayanai ta waya, suna cika bayani a ƙauyen da babu rezo, in sun shigo gari ya tafi. Kuɗi in ka tura ta Nita ko Amana, hoton rasit ya zo kafin kaso na gaba ya fita, ko ɗan'uwanka ne, kuma ka faɗa tun farko don kar wani ya ɗauka rashin yarda ne.

Kar ka bari sai an yi kuskure kake kiran mutum. Ranar Litinin ina kiran kowa shi kaɗai, mu gaisa, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, a nan ne za ka ji babur ya lalace kwana huɗu ko mai gari bai ji daɗin wata magana ba, abin da ba za a taɓa sa maka a rapor ba.

Sai gida. Mutane in sun gan ka zaune sun ɗauka ba ka da aiki, wannan ya aike ka Kasuwar Dole, wancan ya zo hira da hantsi. Na zaunar da Hajiya da maiɗakina na yi musu bayani, yanzu in ƙofa a rufe take yara ma sun san Baba yana biro.

Duk wata kuma ka fita fili ko sau ɗaya, Mirriya ba ta da nisa, ka je ka taɓa rijiyar da aka turo maka hotonta, ka ja ruwan da hannunka.