Yadda za ka shirya kwamfutarka ka gina manhajar hira da Python

Ɗalibai da dama a nan Sakkwato, har da masu karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sukan ɗauka cewa gina manhajar hira sai manyan kamfanoni, alhali kwamfutar tafi-da-gidanka guda ta ishi mutum ya haɗa ƙaramar irinta cikin yini ɗaya. Harshen da na fi ba da shawara a kansa shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fara fitarwa a 1991, domin kayan aikin da za mu buƙata, wato socket mai haɗa kwamfuta da kwamfuta da threading mai gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, suna zuwa tare da shi, ba sai ka ƙona data wajen sauke su ba.

Ka shiga python.org ka sauke Python 3. Idan Windows kake amfani da ita, a shafin farko na girkawa akwai ɗan akwati mai rubutun "Add python.exe to PATH", ka danna shi kafin ka ci gaba, domin mantawa da shi ne yake sa tagar umarni ta ce ba ta san python ba. Bayan an gama, ka buɗe tagar umarnin, wato cmd, ka rubuta python --version, kuma da zarar lamba ta bayyana, shiri ya kammala. Manhajar VS Code na da kyau wajen rubuta umarnin Python, amma idan kwamfutarka tsohuwa ce, IDLE da ke zuwa da Python ya fi mata sauƙi, musamman a zafin watan Afrilu. Ka buɗe folda guda, ka ƙirƙiri fayil biyu, uwa.py da baki.py.

Na farkon shi ne uwar garke, wato cibiyar da masu hira suke haɗuwa da ita. A cikinsa za ka buɗe socket na TCP, wato ƙa'idar aika bayanai tsakanin kwamfutoci, ka ɗaure shi da bind a adireshin 0.0.0.0, mai nufin dukkan adireshin kwamfutarka, da ƙofa (port) mai lamba 5555, sannan ka kira listen da accept don jiran masu shigowa da karɓarsu. Lambobin ƙofa suna kaiwa 65535, amma ka bar waɗanda ke ƙasa da 1024, an keɓe su ga sanannun ayyuka. Duk wanda ya shigo, a ajiye shi a jeri, duk saƙon da ya turo kuma a rarraba wa sauran.

Fayil na biyu, na mai hira, yana kiran connect don haɗuwa da uwar garke, sannan ya yi aiki biyu a lokaci guda. Umarnin input yakan tsayar da komai har sai ka gama rubutu, don haka sai ka ba threading aikin sauraron saƙonni masu shigowa, in ba haka ba abokinka zai yi ta sallama ba ka gani.

A nan ne nake so ka natsu sosai. TCP ba ya raba saƙo da saƙo, kwararar bayit, wato ƙananan gutsattsarin bayanai, kawai yake kaiwa a jere, don haka "Ina kwana" da "Lafiya ƙalau" za su iya isowa a manne, ko ɗaya ya iso rabi-rabi. Ga mu masu rubutu da Hausa abin ya fi tsanani, domin a tsarin UTF-8 na mayar da haruffa bayit, haruffan ɓ da ɗ da ƙ kowannensu bayit 2 ne, kuma idan recv mai karɓar bayit ya yanke a tsakiyar harafi, decode mai mayar da su rubutu zai yi kuskure manhajar ta mutu. Maganin shi ne ka rufe kowane saƙo da alamar sabon layi, ka kuma karanta da makefile da readline, ka sa encoding ya zama utf-8. Haka nan idan karatu ya dawo babu komai, ɗayan ya katse ke nan. Ka fita daga zagayen nan take, don kada injin ya yi ta juyawa yana cin batir.

Wajen gwaji, ka fara da 127.0.0.1, adireshin da ke nufin kwamfutarka ita kanta, a tagogi uku, ɗaya na uwa.py biyu na baki.py. Daga nan ka kunna hotspot na wayarka, ku hau kai da abokinka, ka rubuta ipconfig ka ba shi adireshinka na IPv4, ka kuma amince idan katangar tsaron Windows ta nemi izini. Wanda ke Wurno ko Tambuwal galibi ba zai same ka ta layin waya ba, domin kamfanonin sadarwa sukan haɗa mutane da yawa a adireshi guda, sai in ka ɗora uwa.py a kan uwar garke ta haya a intanet. Kafin ka kai can, ka ƙara ssl mai ɓoye saƙonni, domin a yanzu saƙonninka a buɗe suke tafiya.