Karon Baya A Gosulon Safe: Kurakuran Da Ke Jawo Shi Da Yadda Ake Gyara Su

Tsakanin ƙarfe 7 da 8 na safe, duk wanda ke bin Titin Zariya ko Titin Katsina zuwa cikin Kano ya san hali: masu kai yara makaranta, ma'aikata, 'yan kasuwa da Adaidaita Sahu, kowa sauri yake. Karon da aka fi yi a wannan lokaci shi ne na baya ya daki na gaba, kuma kusan kullum tushensa ɗaya ne, rashin tazara.

Direba yana manne wa motar gabansa ne don kada wani ya kutso masa. Abin yana da ciwo, gaskiya, ka bar fili mai babur ko mai keke ya cike shi. Amma a yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 40 a awa tana cin kusan mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da ido ya ga jan fitilar birkin na gaba zuwa lokacin da ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki, daƙiƙa guda ta wuce, ga mai gajiya ma ta fi haka. Wato kafin birki ya fara aiki ka riga ka ci tsawon motoci biyu. Idan tazararka tsawon mota ɗaya ce, ka daki mutum tun birki bai kama ba. Gyaran shi ne ƙirgen daƙiƙa uku: zaɓi falwaya ko allon talla a gefen titi, in na gaba ya wuce shi ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse. In ka isa kafin ka gama, ka matse da yawa. Wani ya shiga filin? Ɗaga ƙafa daga totur, ka sake buɗe wani. Daƙiƙu kaɗan ka rasa, wanda ya fasa bamba kuwa safiyarsa ta tafi a gardama. A ruwan farko na damina, lokacin da man da ya taru kan kwalta yake tasowa ya yi santsi, da kuma ranar da hazon hunturu ya yi kauri, a ninka ƙirgen zuwa shida.

Kuskure na biyu, kafe ido kan bambar motar gaba kaɗai. Ka riƙa hango motoci biyu ko uku da ke gabanta. In kana bayan Adaidaita, kalli bakin titi: da ka ga an ɗaga hannu, ka san zai tsaya, da sigina ko babu.

Waya ita ce ta fi yaudara a gosulo, don mutum yana ganin ai tafiyar a hankali ce. Layi ya motsa, ka taka totur, ka sunkuya duba saƙo, layin ya sake tsayawa. Kallon daƙiƙa biyu a gudun kilomita 40 mita 22 ne ido rufe. A ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa.

Tsayawa a danja ma tana da ƙa'ida. Tsaya inda kake ganin tayoyin bayan motar gaba suna taɓa kwalta, ka bar ƙafa kan birki. Da haka in an doke ka ta baya ba za a tura ka cikin na gaba a zama motoci uku ba, kuma fitilarka tana nan a kunne. In kana gudu ka tarar da layi a tsaye, musamman a gangaren gadar sama, kunna fitilun gargaɗi huɗu, ka duba madubi.

Wani lokacin laifin na motar ne. Fitilar birki takan mutu wata da watanni mai ita bai sani ba, don ba ya ganinta. Sau ɗaya a mako ka sa wani ya tsaya a baya ka taka. In duka ba su kama ba, a duba fiyus da makunnin da ke jikin fedar birki. Tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6 ta gama aiki, kuma lambobi huɗun da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Man birki yana shan danshi, a canza shi duk shekara biyu. In motarka mai ABS ce, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, danna birki da ƙarfi ka riƙe. Karkarwar da za ka ji a ƙafa aikinsa yake yi, kada ka saki.

In karon ya auku, fara da mutane kafin ƙarfe. Ciwon wuya yakan bayyana bayan awanni, don haka a je asibiti ko da ba a ga jini ba. Ɗauki hoton motocin da lambobinsu, in suna tashi a janye su gefe, a sa alamar gargaɗi mai kusurwa uku. In akwai rauni, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa 122 ce. Inshorar dole ta ƙaramar motar gida, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani har naira miliyan 3, muddin takardar ta gaske ce.