Yadda ake rubuta disertasiyo ba tare da an fita daga suje ba

Ba rashin karatu ne ke kayar da ɗaliban terminal, ajin ƙarshe na lise, a disertasiyo, wato dogon rubutun amsa tambaya da hujjoji, ba. A lise-lisen Tahoua akwai yaran da suka haddace kayen filo, wato falsafa, daga bango zuwa bango. Amma da Mushe, wato malami, ya rubuta suje, tambayar da za a amsa, a allo, kafin ya kakkaɓe alli daga hannunsa rabin aji sun duƙufa kan rubutu. Su ne masu tashi da 5 ko 6 bisa 20, da jan biki (biro) a gefen takarda cewa sun fita daga suje. An tambaye su abu ɗaya, sun amsa wani. Shi ya sa yawancin maganata a kan awa ta farko take, wadda ko harafi ba a sa wa takardar jarrabawa a cikinta. Zancen cewa akwai gabatarwa da gangar jiki da kammalawa kuwa, tun ajin segwand aka gaya muku.

Fara da zaɓe tsakanin suje-sujen da aka ba ka, kuma kada ya wuce minti 10. Kar ka ɗauki suje don kawai ka hango kalmar da ka haddace darasinta. Ɗauki wanda kake da abin faɗa a kansa ko ka ce e, ko ka ce a'a. In ka zaɓa, ka zaɓa ke nan. Wanda ya sauya suje bayan awa guda ya riga ya yi asarar dukansu biyu.

Sai warware suje, inda aikin yake. Mu ɗauki tambayar da ɗalibin filo ba ya rasa haɗuwa da irinta: shin aiki yana ƴanta ɗan Adam? Da Faransanci za ta zo maka, amma buruyo, takardar gwajin rubutu, naka ne, ba mai gyara shi. In da Hausa ko Tamajak kanka ya fi gudu, yi tunanin da shi, daga baya ka zuba a Faransanci.

Kwafe tambayar a saman buruyo yadda take, kar ka rage ko ɗigo. Ka bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya kana yi musu tambayar ƙwaƙwaf. Wane aiki? Na manomin gero da ke jiran damina, ko na ma'aikacin ofis mai jiran ƙarshen wata, ko na wanda aka sa dole ba lada? Ƴanci daga me? Daga yunwa, daga miƙa hannu wurin dangi, daga jahilci, ko kuwa ikon mutum a kan lokacinsa? Da ka jera waɗannan za ka ga amsar tana juyawa gwargwadon ma'anar da ka riƙe.

Ƙananan kalmomi sun fi manya haɗari, don ido ba ya tsayawa a kansu. Suje mai cewa "aiki kaɗai" ya riga ya yarda aiki yana ƴantawa, abin da yake nema shi ne ko akwai wata hanya. Mai cewa "kullum" misali ɗaya mai ƙarfi yana iya girgiza shi. Mai tambayar ko mutum zai iya yin abu, daban yake da mai tambayar ko ya kamata ya yi. Yaro sai ya tsallake su duka, ya zazzage darasin aiki yadda Mushe ya bayar, shafi shida, ya fito yana murna.

Daga nan ka nemi porobilematik. Abin da ɗalibai suka saba shi ne su maimaita suje da wasu kalmomi, su liƙa alamar tambaya, su ce ga ta nan. Ba ita ba ce. Porobilematik tana fitowa ne inda amsoshi biyu, kowace da gaskiyarta, suka yi karo. Raba buruyo gida biyu. A dama ka rubuta dalilin da zai sa mai hankali ya ce e, a hagu dalilin da zai sa wani mai hankalin ya ce a'a. In ɓangare ɗaya ya fito kamar maganar wawa, ba ka gama tunani ba, koma. A namu misalin ga yadda za ta tsaya: mutum ba ya cin gashin kansa sai da aiki, amma aikin nan da ke ciyar da shi shi ne ke cinye wuninsa da ƙarfinsa, sau da yawa ribar ta faɗa aljihun wani. To da wane sharaɗi abin da yake dole zai zama hanyar ƴanci?

Ga gwajin da nake sa ɗalibaina su yi a gida. Je ka gaya wa Inna matsalar da Hausa, cikin jimla biyu. In ta dakata da abin da take yi ta ce "lalle akwai magana", ka samu. In ta ce "to ai wannan kowa ya sani", babu porobilematik a wurin.

Wata hanyar rago da ta yi yawa yanzu ita ce haddace amsoshin da ke yawo a WhatsApp, ko na takardun fotokopi da ake sayarwa bakin lise. Ban hana ka saya ba, in kuɗin na nan ku haɗa ku biyar ku sayi ɗaya. Amma ka karanta su don ganin yadda aka gina magana. Suje ba ya dawowa da kalmominsa na bara, kuma kalma ɗaya da aka sauya ta isa ta mai da haddarka shirme.

Pilan, wato tsarin rubutun, daga porobilematik yake fitowa. Wanda aka fi sani shi ne tez (amsar farko), antitez (abin da ke ja da ita), santez (matsayar da ta haɗa su), kuma ga tambayar e ko a'a shi nake so. A disertasiyon darasin Faransanci dai ka duba umarnin da ke ƙarshen suje: in bayani kawai aka nema, ba a ce ka yi jayayya da marubucin ba. Antitez ba ƙaryata kanka ba ce. Kar ka ce aiki yana ƴantawa a shafi na biyu, a na uku ka ce sam ba ya yi. Nuna inda maganar farko ta tsaya, da abin da ta kasa gani. Santez kuma ba "ya danganta, kowa da gaskiyarsa" ba ce, irin mai sasancin da ya sallami masu rigimar gona bai nuna musu iyaka ba. Nan ne ake son ka ce: aiki yana ƴantawa in mai yin sa ne ya zaɓa, yana da rabo a amfaninsa, kuma ya bar masa lokacin zama mutum.

Kowane sakin layi ra'ayi ɗaya, sai hujjarsa, sai misali. Misali ba ya zama hujja, tabbatar da ita yake yi. Kuma ba sai ka je Faransa neman sa ba. Don tez, bayan ka kawo masanin filo Hegel da misalinsa na bawan da ya gano kansa ta hanyar sarrafa abin duniya, ubangijinsa kuwa ya koma mai dogaro da shi, kawo aikin Keita da aka fara a 1984, inda mutanen Adar, galibi mata, suka jera duwatsu suka dasa itatuwa har ƙasar da ta mutu ta koma gona. Don antitez, bayan Marx da ma'aikacin da abin da hannunsa ya ƙera ya zama baƙo gare shi, akwai Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, har kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya a 2008, shekara biyar bayan dokar 2003 da ta mai da bauta laifi a Nijar. Samarin da ke tafiya ci-rani Abijan ko Libiya bayan girbi kuwa suna shiga kowane ɓangare, ya rage naka ka ce wanne kake nufi. Mai gyara ya karanta Hegel a takarda ɗari kafin taka, Keita ce za ta sa ya ɗaga kai.

Maganar da ba ka tabbatar da mai ita ba, kar ka sa ta cikin alamar zance. Faɗi ra'ayin da bakinka. Jingina wa Descartes abin da bai ce ba ya fi rashin ambatonsa muni.

Gabatarwa kaɗai za ka rubuta cikakkiya a buruyo: jimlar shiga, suje, porobilematik, sanar da pilan. Jimlar shiga kada ta fara da "tun da aka halicci duniya", ni ina ganin ta nake rage maki a zuciyata. Gangar jiki kai tsaye a takarda, kana kallon pilan, da layi biyu a buɗe tsakanin manyan sassa da jimla ɗaya mai haɗa su. Kammalawa layi shida zuwa takwas: amsa tambayar ƙarara, kar ka kawo sabuwar hujja.

In awa huɗu aka ba ka, ɗaya ta buruyo ce, biyu da rabi na rubutu, sauran na karantawa da gyaran kurakuran Faransanci, musamman daidaita fi'ili da mai aikinsa. Ka zo da biki biyu shuɗi iri ɗaya da agogon hannu, tunda ba a shiga da waya.